Takalmi Na Uku

Talata ce ranar awo a ƙaramin asibitin da aka fara tura ni aiki, a wani ƙauye da ke gefen Damari. Ɗaki biyu ne da baranda, sai bishiyar mangwaro a bakin ƙofa. Mu biyu muke riƙe da wurin. Akwai ni, da na fito daga makarantar koyon aikin lafiya, takardata ko lanƙwasa ba ta yi ba. Akwai kuma shugabata, wadda kowa ke kira Sista. Bagwariya ce, Kirista, gajeriya mai faɗin kafaɗa, ta kusa ajiye aiki. Yawancin matan da ke zuwa mana awo, ita ta yanke musu cibiya. Idan ranta ya ɓaci, Hausarta ta fi tawa kaifi.

Ni a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya. Tun ina sakandare a Birnin Gwari nake karanta su, mu yi musaya da ƙawaye har bangon ya fita. A durowar teburin awo, ƙarƙashin rajista, ba a rasa guda ɗaya. Duk macen da ta shigo sai na ƙirƙira mata labari a zuciyata: yadda suka haɗu da mijinta, abin da ya ce mata a bakin rijiya, wanda ya so ya raba su. Yawancinsu da sun ji labaran da na ba su, da sun yi dariya har sun riƙe ciki.

Amma akwai wasu biyu da ban sha wahalar ƙirƙira musu komai ba. Shi manomin masara ne, dogo, mai ƙarancin magana. Ita kuma sa'ata ce, mai wushirya, tana da cikin fari. Sun haura shekara da aure, amma a raina amarya nake kiranta. A kan mashin yake kawo ta. Akwai wani kwari da ruwa ya haƙa kafin a iso ƙofarmu, to tun daga nesa yake kashe mashin, ya sauka ya tura shi da ita a kai, don kada ya girgiza ta. Idan ta shiga baranda cikin mata, sai ya je ya zauna a kan saiwar mangwaro, ya ba mu baya, har a gama. Ni ta taga nake kallonsa, ina cewa ashe abin da ake rubutawa yana nan a duniya.

Mai cikin fari a wajenmu ba ta magana. Kunya ce. Ba za ta ce tana da ciki ba ko da ya kai mata wuya. Ki tambaye ta barci, lafiya lau. Abinci, lafiya lau. Ciwo fa? Sai ta ja mayafi ta rufe baki. Tun makona na farko Sista ta gaya mini yadda ake yi da su.

"Kada ki tsaya jiran bakinta," in ji ta. "Ki auna jininta. Ki buɗe idonta ki duba. Ki ɗaga zani ki danna ƙwabrinta da babban yatsa, ki ƙirga biyar, ki ɗaga ki gani ko ya lotsa. Kowace mace, kowace Talata. Ko da uwarki ce."

Na ce to. Na ma rubuta a bayan littafina.

Maza ba sa shiga baranda ranar awo, amma wanda ya rako matarsa yakan zagayo ta taga ya karɓi maganin ƙarin jini. Wata Talata, cikin yana wajen wata shida, mijin amaryar ya karɓi ƙullin maganin, ya tsaya yana juya shi a hannu.

"Malama," ya ce, idonsa a ƙasa, "na sake mata takalmi."

Na ji wani sanyi a raina. Na ce, "Kai, madalla! Allah ya ƙara buɗi. Haka ake so."

Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya juya ya tafi.

Talatar da abin ya faru, damina ta yi nisa, masara ta yi goyo. Sista ta tafi cikin gari tun da sassafe ɗauko alluran rigakafi, ta bar ni ni kaɗai da baranda cike da mata. Ina kan mace ta huɗu abin awon jini mai batir ya mutu. Ɗayan, na hannu mai famfo, yana cikin jakar Sista. Na ce a raina ba komai, sauran sai mako mai zuwa. Na ci gaba da sikeli da tef, ina barin layin jini babu komai.

Da layi ya zo kan amaryar, ta shigo a hankali ta zauna a bakin gado. Fuskarta ta ciko, tana sheƙi, kumatu sun fito, idanun sun ƙanƙance.

"Ke kam ciki ya karɓe ki," na ce mata. "Kin ga yadda kika yi kyau?"

Ta rufe baki da mayafi.

Na durƙusa na ɗaga zaninta don in danna ƙwabrin, yadda aka koya mini. Sai na ga ƙunshi. Ban taɓa ganin irinsa a ƙauyen ba. Ja ne a tafin ƙafa da yatsu, sannan baƙi ya taso kamar reshe ya nannaɗe idon sawu, da 'yan ganyaye ƙanana suna hawa sama. Na riƙe ƙafar a hannuna ina bin zanen da ido.

"Wa ya yi miki? Biki ake yi?"

Wata mata mai ciki na shida da ke leƙe daga bakin ƙofa ita ta amsa mata.

"Wane biki, Malama? Goyon ciki za ta gobe. An gyara ta ne kada danginta su ce an bar musu 'ya da yunwa da kaushi!"

Baranda ta kwashe da dariya. Al'ada ce, idan cikin fari ya shiga wata bakwai, a mayar da mace gidan iyayenta ta haihu a can, ta yi wanka, sai bayan arba'in ta dawo. Iyayen amaryar suna wani ƙauye can bayan Kusasu, cikin daji, inda babu asibiti. Ina jin haka sai hankalina ya tafi. Na hango shi a tsaye a bakin hanya mota tana tafiya da ita. Na hango shi yana komawa ɗaki yana ganin wurin da take ajiye madubinta. Wata huɗu ko biyar! Na sauke zanin, na auna tsawon cikin, na saurari bugun zuciyar ɗan, na yi mata addu'ar sauka lafiya. Yatsana bai danna komai ba.

Da ya zo taga, na ninka masa maganin don ya ishe ta a can. Ya karɓa, ya tsaya.

"Malama," ya ce, "takalmi na uku ke nan fa."

"Ikon Allah," na ce. "Ina ma duk maza haka suke."

Ya ɗago ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba. Na ɗauka kunyar yabon da na yi masa ce.

Washegari da hantsi Sista ta zauna ta buɗe rajista, ta sa tabarau a ƙarshen hanci, tana bin layi da yatsa.

"Nan fa? Ɓera ne ya cinye awon jinin?"

"Batir ne ya mutu, Sista."

"To. Waɗannan duk za su dawo Talata, sai mu auna su. Wannan mai cikin farin fa, yaya kika gan ta?"

Sai na saki baki. Na ba ta labarin ƙunshin, da yadda fuskar ta ciko, da tafiyar goyon ciki, da mijin da ba ya gajiya da saya mata takalmi. Ina cikin bayani na ga ta cire tabarau.

"Takalmi nawa kika ce?"

"Uku."

"A wata nawa?"

"Kamar biyu."

"Manomin masara. A tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, ga taki ga noma. Shi ne zai sayi takalmi uku a wata biyu don ƙauna." Ta dube ni. "Kin danna ƙafarta?"

Na girgiza kai. Nan take na sake ganin ƙafar a hannuna. Idon sawun ya ɓace, babu ƙashi babu jijiya, reshen lallen ya miƙe a kan fata mai sheƙi kamar an hura ta. Na gani da idona. Zanen kawai na kalla.

Sista ta ja durowa, ta ɗaga littafina, ta duba hoton da ke bangon, ta mayar da shi inda yake.

"Wannan ba laifi ba ne," ta ce. "Ni ma na yi saurayi, har da mai keke. Amma kin san abin da kumburin fuska da ƙafa yake nufi ga mai cikin fari."

Na sani. Na ci jarrabawa a kansa. Hawan jini ne na masu ciki, wanda idan aka bar shi yake zama jijjiga. Mace tana zaune sai ta faɗi tana taune harshe, idan babu allura a kusa a rasa ta, ko ɗan, ko duka biyun. Ni kuma na sallame ta zuwa inda babu allura, da addu'a da murmushi.

Muka aika aka kira mijin daga gona. Ya zo da laka har gwiwa, ya durƙusa a bakin baranda. Ya ce tun asuba gwaggonsa ta raka ta a motar 'yan kasuwa. Sista ba ta yi masa zagaye ba, shi ma da yake ita ta karɓi haihuwarsa, bai iya ɓoye mata ba. Takalmi na farko na cikin lefe ne, ya matse ta. Ya sayo wanda ya fi shi, shi ma ya matse. Na ukun a layin na maza ya samo shi. Kwana huɗu ke nan tana ɗaure kai da ɗankwali tamau saboda ciwo.

"Me ya hana ka faɗa?" in ji Sista.

Ya dube ni, ya mayar da kai ƙasa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Yanzu kuma ba ni da ta cewa," ya ce can. "Tana hannunsu. Ni ko zauren gidan ba na wucewa."

Waya ba ta shiga ƙauyen. Hanyar kuma ba a binta bayan azahar, sai da safe, bayan 'yan sa-kai sun ce babu motsi. Alhamis dama ranar fita rigakafi ce, an tsara mu je wajen Saminaka. Sista ta ɗauki biro ta soke.

"Gobe can za mu," ta ce. "Yaran can ma suna da cinya."

Mashin uku muka tafi da su. Mijin a gaba da kular allurai ɗaure a bayansa, Sista a na tsakiya, ni a na baya. Na sha ganin dajin nan daga titi, amma ban taɓa shiga cikinsa haka ba. Ciyawa ta fi tsawon mutum, jiƙe da raɓa, tana marin gwiwoyinmu. Itatuwan ɗoka da kaɗanya sun haɗe a sama, haske yana zubowa ta tsakaninsu ɗigo-ɗigo. Da wata rana ce da na ce ban taɓa ganin wuri mai kyau irinsa ba. Muka wuce wata unguwa da mutanenta suka tashi, kabewa ta haye katangu, ƙofofi a buɗe. Ni dai abu ɗaya nake maimaitawa a zuciyata, Allah ya sa mu tarar da ita a zaune.

Da hantsi muka isa. Mijin ya jingine mashin nesa da gidan, ya cire takalmi, ya tsuguna a gindin katanga. Mu muka yi sallama muka shiga.

Wata mata doguwa tana daka a tsakar gida. Kallo ɗaya na san uwar ce, har wushiryar. Ta amsa gaisuwa da fara'a, ta shimfiɗa mana tabarma. Amma da Sista ta ce mun zo duba 'yarta ne, sai ta kawar da kai, ta ɗauki taɓarya.

"Inna tana ciki," ta ce.

Amaryar 'yar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta maganarta a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da ita. Ko a ɗaki ɗaya suke, sai dai ta ce "waccan". Saboda haka duk abin da ya shafi cikin nan yana hannun kakar, uwar uwarta, wadda kuma ita ce ungozomar ƙauyen.

Tsohuwar ta leƙo daga ɗaki, 'yar ƙarama, baki ja da goro. Tana ganin Sista ta tafa hannu.

"A'a! Bagwariya! Ashe ba ki mutu ba?"

"Ina jira ki riga ni, Inna, in ga yadda ake yi."

"Za ki daɗe kina jira. Wannan 'yar siririyar fa? Ita ma likita ce, ko rakiya ta yi?"

"Likita ce. Ita ce ma ta kawo ni."

Amaryar tana kwance a kan katifa, ɗankwali ɗaure a goshi. Da ta gan ni ta yi ƙoƙarin tashi, ta yi murmushi. A gefenta akwai tukunya da ƙoƙo a kai. Sista ta ɗebi kaɗan, ta shinshina, ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Maɗaci da rai-ɗore," ta ce. "Har yanzu hannunki bai canza ba. Amma kin sa kanwa."

"Maganin zaƙi ne. In ba a wanke zaƙin ba, ya tare hanya ranar haihuwa, ke za ki zo ki buɗe?"

Sista ba ta yi mata musu ba. Ta zuge jaka ta ciro abin awo mai famfo, ta miƙo mini.

"Ke za ki auna."

Na naɗa a damtsen amaryar. Na matsa famfo, na saurara. Allurar abin awon ta tsaya a inda ban taɓa gani ba sai a littafin makaranta. Na sake a ɗaya hannun. Haka dai. Na ɗaga zanin, na ɗora yatsa a kan wani ɗan ganye na lallen, na danna, na ƙirga biyar. Da na ɗaga, ganyen ya nutse cikin rami, ramin kuma ya ƙi tasowa.

Sista ta ce sai an kai ta babban asibiti a cikin gari, yau. Tsohuwar ta gyara zama.

"Kumburi ai na masu ciki ne. Namiji ne ke zaune, shi ya sa. Uwarta ma ta kumbura. Jiya-jiya aka kawo mana ita, yau mu mayar? Dangin mijin su ce me, mun kasa riƙe ta kwana biyu? A ɗakin nan aka haifi uwarta, a nan aka haife ta. Kuma ki ce in ɗora ta a hanyar nan, da ciki wata bakwai? In an tare ku, da wace ƙafa za ta gudu?"

"Inna, jininta ya hau."

"Injinki yau ya san ta. Ni tun tana tsumma."

Na ga hancin Sista ya fara buɗewa. Na san idan Hausar nan tata ta fito, tsohuwar za ta kafe, mu koma hannu biyu. Ban san abin da zan yi ba, sai na sunkuyar da kai. A bakin ƙofa idona ya faɗa kan wani ƙaton takalmin roba na maza, tsoho, an ɗinke igiyarsa da waya.

"Wannan na waye?" na tambayi amaryar a hankali.

"Na Baba ne," ta ce. "Shi nake sawa."

"Naki fa?"

Ta nuna buhun kayanta da baki. Na kwance shi. Suna can ƙasa cikin leda, duka ukun, ta wanke su ta jera. Na fito da su na ajiye a gaban tsohuwar. Na farko ɗan ƙarami mai fure ruwan zinariya. Na biyu shuɗi. Na uku baƙi, na maza. Na jawo na Baban na sa a ƙarshe.

"Inna," na ce, "wannan shi take sawa da aka fara ruwa. Wannan bayan wata ɗaya. Wannan makon da ya wuce. Wancan kuma yau. Mijinta ya gaya mini sau biyu, ni ce ban gane ba. Shekaranjiya ƙafar nan tana hannuna, na tsaya kallon lalle. Da na yi aikina, da ba a kawo muku ita a haka ba. Ba ku kuka kasa ba. Ni ce."

Tsohuwar ba ta dube ni ba. Takalman take kallo. Ta miƙa hannu ta auna na farkon da taƙi, ta auna na ƙarshen. Sannan ta ja jiki zuwa katifar, ta kama ƙafar jikarta, ta danna da nata yatsan, a sama, kusa da gwiwa. Ta kama hannun ta duba yatsun. Ta ja fatar ƙarƙashin ido.

"Ke, mai ƙafar giwa. Ni ba uwarki ba ce, dube ni. Kan yana sara?"

Ta gyaɗa kai.

"Kina ganin hazo-hazo?"

Ta gyaɗa.

"Nan fa?" Ta taɓa ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Amaryar ta ɗan janye.

Tsohuwar ta saki hannun. Ko goron ta daina taunawa.

"Na ga irin wannan sau biyu," ta ce. "Ɗaya ta tashi." Ta share baki da gefen zani. "To. A bari zuwa Asabar. Ranar kasuwa motoci suna tafiya a jere, ya fi aminci. Kuma kafin nan ubanta ya aika wa dangin mijin, kada a ce mun yi abu babu shawara."

"Asabar ta yi nisa, Inna," in ji Sista.

"Kwana biyu ne."

A nan na lura dakan ya tsaya. Ban san tun yaushe ba. Inuwar uwar tana kan labulen ƙofa, ba ta shigo ba. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, kamar da bango take magana.

"Inna, a tafi da ita yau."

Sannan ta kira sunan 'yar. Sunanta na yanka, cikakke. Ta ce, "Tashi ki shirya."

Amaryar ta ɗago kai da sauri, ta dubi labulen. Daga baya ta gaya mini tunda ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, kafaɗunta suna rawa. Ni ma na juya ina neman abin da ban ajiye ba a cikin jaka.

Tsohuwar ta dubi labulen, ta dube mu, ta buga cinya.

"To, an gama. Rashin kunya ta shigo gidan nan tare da Bagwariya. Amma da ni za a tafi. A ɗauko mini tukunyata."

"Tukunya ta tafi," in ji Sista, "kanwa ta zauna a gida."

"Ke dai ba kya rabo da sharaɗi."

Sista ta ba amaryar ƙwayar saukar da jini, ta yi mata allurar da ke tare jijjiga. Mijin, da aka leƙa aka gaya masa, bai tsaya sa takalmi ba, ya ruga bakin kasuwa ya samo wata a-kori-kura da ta zo ɗaukar gawayi. Kafin direban ya gama ɗaure buhunansa, mun buɗe kula a ƙofar mai unguwa mun yi wa yaran da aka kawo rigakafi, ƙauyen ya cika da kuka. Aka sa amaryar a gaba, kakar a gefenta da tukunya a cinya. Muka fita kafin azahar. Uwar ba ta rako mu ba. Da motar ta juya, na hango ta ta saman katanga, taɓarya a hannu, ba ta daka.

Ba ta yi jijjiga ba. A babban asibiti suka riƙe ta kwanaki suna fama da jinin, da ya ƙi sauka suka ciro ɗan kafin lokacinsa. Mace ce, ba namiji ba, 'yar mitsitsiya, sai da ta yi makonni a ƙirjin uwarta cikin zani kafin a sallame su. An ce kakar ta addabi ma'aikatan ɗakin, tana gyara musu yadda ake riƙe jariri. Wankan ganyen sabara kuwa sai da aka yi shi, amma da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Wannan ma sharaɗin Sista ne.

An yi girbi, an kai masara gida, kafin in sake ganinsu. Ranar rigakafi ce. Na ji ƙarar mashin ta mutu daga nesa, na leƙa ta taga. Yana turo shi ta kwarin, ita a kai da goyo. Ta hau baranda, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ɗan ƙaramin nan mai fure ruwan zinariya. Na yi wa jaririyar allura a cinyar da ba ta fi babban yatsana kauri ba, ta tsala ihu, Sista ta ce muryar kakar ce sak.

Ya zagayo taga karɓar katin.

"Malama," ya ce, "mun koma na farko."

"Na gani." Na riƙe katin ban sake shi ba. "Don Allah in tambaye ka. Me ya sa ba ka ce mini kawai ƙafarta ta kumbura ba?"

Ya waiga ya dubi baranda cike da mata, ya sosa ƙeya.

"Haba, Malama. Ƙafar iyalina, a gaban mutane?" Ya ɗan yi murmushi. "Ai na faɗa miki. Har sau biyu."

Na sakar masa katin. Ya koma kan saiwar mangwaro ya ba mu baya.